Buzuzu da gyaren bishiya: abin da kowannensu ya yi da fiffikensa

Makon da ruwan fari ya sauka a Marwa ta arewacin Kamaru, ɗan yayata ya shigo mini da gwangwanin tumatir, ya rufe bakinsa da tafin hannu. Ya ce, "Kawu, ga mai kukan nan da ke hana mu barci, yau dai na kama shi." Na leƙa, sai ga buzuzu baƙi wuluk yana ta karce gefen gwangwani yana neman hanyar fita. Na ce masa ya sake shi, ƙazafi aka yi masa, wannan bai taɓa hana kowa barci ba. Mai kukan yana can cikin shingen bayan gida, kuma ko an ɗora masa shi a hannu da wuya ya yarda cewa ɗan siririn abu kamar wannan ne ke cika unguwa da ƙara.

Ban ga laifin yaron ba. Su biyun lokaci ɗaya suke bayyana, da zarar ƙasa ta jiƙa. Ɗaya ana ganinsa ba a cika jinsa ba, ɗaya ana jinsa ba a ganinsa, sai yaro ya haɗa kukan wannan da jikin wancan. Buzuzu kowa ya san shi, musamman wanda ya taɓa bi ta kasuwar shanu da safe bayan an kwana ana ruwa. Ɗayan kuwa sai an yi bayani. Ba gyaren rami nake nufi ba, ƙaton nan da yara ke tonowa su gasa. Wannan a kan ganye yake rayuwa, cikin shinge da ciyayi masu tsayi da rassan ƙananan itatuwa, shi ya sa zan kira shi gyaren bishiya. Masana suna kiran danginsa Oecanthus, kuma akwai su a Afirka da Asiya da Turai da Amurka. Tsawonsa bai cika kai santimita 2 ba, launinsa kore-kore ne mai haske, kamar ganyen da rana ta ratsa.

Ana iya jera bambance-bambancensu har gobe: wannan baƙi wancan kore, wannan a ƙasa wancan a sama. Amma a ganina duk daga wuri ɗaya suka taso, wato fiffiken gaba. Kowannensu fikafikai huɗu gare shi, biyu a gaba biyu a baya. Na bayan nan duk aikinsu ɗaya, tashi. Na gaban ne kowa ya kai wata kasuwa daban. A jikin buzuzu sun zama sulke. A jikin namijin gyare sun zama abin kiɗa. Wanda ya riƙe wannan zai gane inda kowannensu ke kwana, abin da yake ci, yadda yake neman mace, da irin mutuwar da ta fi samunsa.

Ƙoƙon nan mai ƙyalli da ke bayan buzuzu, wanda layi ya raba biyu a tsakiya, shi ne fikafikansa na gaba. Sun yi tauri sun daina kaɗawa. A ƙarƙashinsu ne fikafikan tashi suke, a naɗe kamar yadda ake naɗe laima, sai zai tashi ya zaro su. Ribar wannan ciniki babba ce. Ƙwaron da fiffikensa ke waje ba ya iya kutsawa cikin laka ko kashi ko ruɓaɓɓen itace, yanzu zai yage ya zama gurgu. Buzuzu kuwa yana nutsewa cikin ɗanyen kashin saniya, ya tona rami, ya fito, ya kakkaɓe, ya tashi abinsa. Akwai riba ta biyu da ta fi shafar ƙasa irin tamu: yawancin ƙofofin numfashinsa a ƙarƙashin wannan murfi suke buɗewa, saboda haka ruwan jikinsa ba ya saurin ƙonewa. Wanda ya san Marwa a watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ya san darajar wannan. Duk da haka yawancinsu ba sa ja da rani, suna can ƙarƙashin ƙasa suna jiran ruwa.

Wannan dabara ta sulke ta karɓi duniya. Dangin ƙwari masu ƙoƙon baya da aka rubuta sunayensu sun kai kimanin nau'i 400,000, wajen kashi ɗaya cikin huɗu na dukkan nau'o'in dabbobin da masana suka sani. Cikinsu akwai ƙwaron da ke huda mana wake a rumbu, akwai kuma ƙaton nan Goliathus na dazuzzukan kudancin Kamaru, mai tsawon da ke kai santimita 11, wanda tsutsarsa kan kusanci giram 100. Dangin fara da gyare da tsanya gaba ɗayansu wajen 30,000 ne kawai.

Gyaren bishiya ya bi wata hanya. A ƙasan fiffikensa ɗaya akwai jijiya mai jerin ƙananan haƙora kamar na matsefi, a gefen ɗayan kuma akwai ɗan kaifi. Idan zai yi kuka sai ya ɗaga fikafikan biyu tsaye, su yi kamar faifai a bayansa, ya riƙa goga kaifin a kan haƙoran. Ja farce a kan matsefi za ka ji irin abin. Amma karcewar kaɗai ba ta zuwa ko'ina. Abin da ke ɗaukar sautin shi ne shimfiɗar fiffiken kanta, wadda ke rawa kamar fatar kalangu. Ga inda cinikin ya ɗaure shi: fatar da za ta yi rawa dole ta zama siririya. Fiffiken namijin har ana hango abin da ke bayansa. Ba abin da zai kare, ko daga bakin tsuntsu ko daga rana. Shi ya sa yake wuni lafe a bayan ganye, launinsa ya saje da wurin, sai magariba ta yi ya fara sana'a.

Namiji kaɗai ke kuka, kuma mace yake kira. Ita kuwa kunnenta ba a kai yake ba, a ƙafafun gaba yake, ƙasa da gwiwa kaɗan, wata 'yar fata ce mai ɗaukar rawar iska. Da na gaya wa yaron wannan sai ya yi dariya ya ce, "Kawu, kai ma dai." Buzuzu ba ruwansa da wannan duka. Da hanci yake neman duniyarsa, in za a kira shi hanci: 'yan eriyoyi biyu a kansa masu baki kamar yatsu, yana buɗe su ya shaƙi iska, ya bi wari har inda saniya ta sauke.

Kuka yana da tsada, domin ba mace kaɗai ke sauraro ba. Jemage yana ji. Misalin da ya fi ba ni mamaki daga tsibirin Kauai na Hawai ya fito, ko da yake a kan gyaren fili ne, ɗan uwan namu. A can akwai wani ƙuda da ke bin kukan namiji ya ajiye masa tsutsotsi a jiki, su cinye shi daga ciki. A shekarar 2003 masu bincike ƙarƙashin Marlene Zuk suka tarar tsibirin ya yi tsit, alhali ga gyare ko'ina. Da suka duba sai suka ga fiye da kashi 90 cikin 100 na mazan sun fito da fiffike mai santsi, ba haƙoran karcewa. Masu kuka ƙuda ya ƙarar da yawancinsu, bebayen suka rage suka hayayyafa, suna raɓewa kusa da 'yan tsirarun masu murya don su tare matan da ke zuwa.

Abin da ya sa nake ganin gyaren bishiya ya cancanci a tsaya a kansa shi ne yadda ya magance wata matsala da duk mai gyaran rediyo ya sani. Ciro lasifika daga akwatinta ka kunna, za ka ji muryarta ta sirance, ƙarfin ya gudu. Dalili kuwa, idan fatar lasifika ta tura iska gaba, a daidai lokacin tana janye iska daga baya. Iskar gaba sai ta zagayo ta gefe ta cike gurbin baya, su kashe juna kafin sauti ya yi nisa. Akwati ko allo shi ke raba su. Fikafikan gyare da ke tsaye a fili lasifika ce marar akwati. To, wasu nau'o'insa sukan sami ganye, su ɓula rami a tsakiya da baki, su zura kai da gaban jiki, su jingina fikafikan daidai bakin ramin, sannan su fara. Ganyen ya zama allon da ke raba gaba da baya, ƙarar ta ninka sau biyu ko fiye.

A Afirka ta Kudu aka fara rubuta wannan hali, a 1975. Daga baya masana a Bangalor ta Indiya, Rohini Balakrishnan da Natasha Mhatre da abokan aikinsu, suka bi diddiginsa a kan wani nau'i mai suna Oecanthus henryi. A 2017 suka nuna cewa idan aka ba shi ganye biyu babban yake zaɓa, ramin kuma yakan yanka shi daidai girman fikafikansa, kusa da tsakiya, a karo ɗaya ba tare da gyare-gyare ba. A 2020 aka ƙara gano cewa ƙananan maza masu raunin murya su suka fi yin wannan aiki, kuma yana biya musu: mata sun fi zuwa, sun fi daɗewa tare da su. Ƙaton da Allah ya ba murya bai cika wahalar da kansa ba. Ni dai duk lokacin da na tuna wannan sai in tuna masu tallan magani a tasha, wanda muryarsa ba ta kai ba shi ke fara sayen lasifika.

Daɗewar nan tana da ma'ana. A bayan namijin, daidai gindin fikafikan da ya ɗaga, akwai wani ɗan gurbi mai fitar da ruwa. Macen takan hau ta tsaya tana lasa, shi kuma a lokacin ya liƙa mata 'yar jakar maniyyi. Muddin tana lasa jakar na juyewa cikinta, in ta gama da wuri ta juya ta cinye jakar da abin da ya rage. Wato har kayan toshin ma a ƙarƙashin fiffike aka ajiye su.

Buzuzu shi ma yana da abin da yake ƙerawa, ƙwallon nan da ya ja masa raini. Ba duka ne ke mirginawa ba. Wasu a ƙarƙashin kashin suke tona rami su ja shi ciki, wasu a cikinsa suke zama. Masu mirginawar gudu suke yi, domin bakin tulin kashi filin dambe ne, kuma ƙwace ƙwallon wani ya fi sauƙi a kan dunƙula sabo. Mafita ita ce a bar wurin a miƙe, ba kwana-kwana. To yaya mai tafiya da baya, kai a ƙasa, ƙafafu a kan ƙwallo, zai miƙe hanya? Duba shi da kyau kafin ya tashi: yakan hau kan ƙwallon ya juya a wuri ɗaya kamar mai rawa. Sama yake dubawa. Da rana yana bin rana, da dare yana bin hasken wata. A 2013 Marie Dacke ta jami'ar Lund a Suwidin da abokan aikinta suka nuna cewa wani nau'i na Afirka ta Kudu, Scarabaeus satyrus, a daren da babu wata yana bin farin layin taurarin nan da ya ratsa sama kamar burtali. Sun gwada shi a Johanesbag, cikin ɗakin da ake haska hoton sama a rufinsa. Da suka sa wa wasu 'yar hular kwali da ta tare musu sama, sai suka yi ta kewaye. Misrawan zamanin Fir'auna ma sun lura da shi, har suka kamanta mirginawarsa da tafiyar rana, suka sassaƙa siffarsa a duwatsu da zobba.

Zafi yana juya su duka biyun, kowa ta fuskarsa. Idan yashi ya haura digiri 50, buzuzu yakan yawaita hawa kan ƙwallonsa yana shafa ƙafafun gaba a baki. Ƙwallon ɗanye ne, yana da sanyi, ya zama masa dandamalin hutawa. A 2012 aka tabbatar da haka ta wata hanya mai ban dariya: an yi wa wasu 'yan takalman roba a ƙafafun gaba, sai hawan ya ragu. Gyare kuwa zafin dare a muryarsa yake fita, domin naman da ke motsa fiffike yana ƙara sauri idan iska ta ɗumama. Tun 1897 wani Ba'amurke, Amos Dolbear, ya fitar da lissafin haka. A kan wani gyaren bishiya na Amurka, idan ka ƙirga kukansa cikin daƙiƙa 8 ka ƙara 5, za ka sami zafin wurin a ma'aunin Salsiyus. Kada wani ya ɗauki wannan ƙidaya ya ɗora wa na bayan gidansa, kowane nau'i da nasa taku, wasu ma kukansu a jere yake ba tsayawa balle a ƙirga. Amma wanda ya saurara da isha'i ya sake saurara da asuba zai ji yadda kiɗan ya lafa.

A wajen 'ya'ya ne tazarar ta fi faɗi. Macen gyare tana da wani tsinke a bayanta, da shi take huda ɗanyen reshe ko karan ciyawa ta zuba ƙwai, ta yi gaba. Abin da zai fito ɗan gyare ne sak, fiffike kawai ya rasa. Zai yi saɓa wajen sau biyar, yana cin abin da manya ke ci, ganye mai taushi da fure da darɓa, ƙananan ƙwarin nan masu tsotse shuka. Ɗan buzuzu kuwa ba ya kama da uwarsa ko kaɗan. Tsutsa ce fara, a lanƙwashe, irin gwazarmar da ake gani a juji, tana cikin ƙwallon da aka binne mata tana cin ɗakinta daga ciki. In ta ƙoshi sai ta sandare, jikin ya narke a sake ƙera shi, sannan buzuzu ya fasa ya fito da sulkensa. Uwar da 'yar ba sa ma cin abu ɗaya: babba ruwan kashin yake tacewa, tsutsa ita ke tauna dusar. A wasu nau'o'in ƙwai ɗaya tak ake sawa a rami, uwar ta zauna a ƙasa tana gadinsa makonni. Manyan da ke bin kashin giwa, irin giwayen gandun dajin Waza a Kamaru ko na Zakuma a Cadi, har yumɓu suke yaɓa wa ƙwallon ya yi tauri kamar dutse.

In aka zo batun amfani ga ɗan Adam, ba na ɓoye wanda na fifita. Gyare yana rage darɓa, yana kuma ɗan lalata rassa da hudarsa, ribarsa da asararsa sun kusa tashi ɗaya. Buzuzu kuwa ma'aikaci ne da ba a biya. Ostireliya ce ta koya wa duniya haka. An kai shanu can a 1788, amma buzuzun ƙasar sun saba da busasshen kashin dabbobinsu na asali, ba su iya da na saniya ba. Kashi ya yi ta taruwa a makiyaya yana kashe ciyawa, ƙuda ya addabi mutane. Wani masani ɗan asalin Hungari, George Bornemissza, ya kawo shawarar a shigo da buzuzu daga waje. Daga 1965 zuwa 1985 aka yi ta aikin, da yawansu daga Afirka aka ɗebo, fiye da nau'i 20 suka zauna suka hayayyafa. Abin da gwamnati ta kashe kuɗi ta yi jigilarsa a jirgi, shi ne yaranmu ke sawa a gwangwani.

A nan ƙasar aikin rabawa ake yi. Da rani kashi yana bushewa ya zama kandilo, mata su tsince na wuta, gara ta ci saura. Da damina buzuzu ne ke ja da shi ƙasa, ya kai taki inda saiwa take, ya buɗe wa ruwa ƙofofi, ya katse wa ƙuda da tsutsar cikin dabbobi wurin ƙyanƙyasa. Abin da ke damuna shi ne allurar ivermectin da ta zama ruwan dare a hannun masu shanu. Magani ne mai aiki a kan tsutsar ciki da kaska, ba mai musun haka. Sai dai wani kaso nasa yana fita a kashi da sauran ƙarfinsa, ya kashe tsutsar buzuzu a cikin ƙwallonta. Tun 1987 wani bincike a Ingila ya nuna cewa kashin maruƙan da aka ba maganin yakan daɗe a fili bai ruɓe ba. Sulke yana tare baki da ƙaya da rana, amma abin da ya biyo ta abinci ba ya tare shi. Na taɓa yi wa wani dattijo mai garke wannan bayani, ya saurare ni tsaf, ya ce, "Malam, saniyata zan duba ko buzuzu?" Gaskiyarsa. Abin da na iya ce masa shi ne, a yi wa wadda ke bukata maimakon a bi garke kaf, kuma in da hali a kauce wa makonnin farkon damina, lokacin da suke fitowa su yi ƙwai.

Daren da aka saki buzuzun, bayan isha'i, na ɗauki tocila muka zagaya bayan gida ni da yaron. Neman gyaren bishiya sai da haƙuri, domin kukan kamar daga ko'ina yake zuwa, kuma da ka taɓa reshe zai yi shiru. Muka tsaya cik har ya sake farawa, na rufe kan tocilar da yatsu, na bar ɗan haske kaɗan. Yana can a inda ganye biyu suka haɗu, ya zura kai ta tsakaninsu, fikafikan a tsaye suna rawa har ba a ganin gefensu. Yaron ya matso ya daɗe yana kallo, sannan ya raɗa mini, "Kawu, to ina bakin da yake kukan da shi?"